An Mai da Gidanmu Zamanin da Inna Ta Tsana

Shekara bakwai ke nan da muka raka Inna Tsahara makwancinta. Haka unguwa ke kiranta. Ni mahaifiyata ce, kuma ni ce ƙarama cikin ƴaƴanta da suka rayu. A shekarun baya, in lokacin nan ya zagayo, hura nake damawa in ba yara sadaka, in yi mata addu'a, in yi shiru. Bana na ɗauki bik da takarda. Karatuna na manya ne, na yaƙi da jahilci, wanda na shiga ina da goyo na uku, don haka wanda ya ga magana ta karkace ya yi mani haƙuri. An san ni da sanyin baki, kuma zan yi ƙoƙari. Amma abin da aka yi wa gidan da Inna ta zauna, da abin da aka so a yi wa ɗakinta, ba duka ne zai faɗu da sanyi ba.

Gidan yana cikin tsohuwar unguwa a Tasawa, ana ce mashi Gidan Madugu. Kakan mahaifinmu ya gina shi lokacin da yake jan ayari tsakanin arewa da kudu. Ginin ƙasa ne mai kauri, zaurensa na da rufin daurin guga, azarorinsa kuwa an ce daga nesa aka ɗauko su bisa raƙuma. Inna ta shigo gidan tana amarya daga wani ƙauye kusa da Gidan Amumune, ta zauna cikinsa fiye da shekara hamsin. Haihuwa tara ta yi, uku muka rayu: Yaya Illa, da Sabi'u, da ni Rabi. Mahaifinmu ya riga ta tafiya da daɗewa, kuma ba a taɓa raba gidan ba, don ba wanda zai kawo maganar rabo tana zaune cikinsa.

Zan fara da abin da Yaya Illa ya yi na kirki, don kada a ce na ɓoye. Bayan rasuwar Inna gidan ya fara zubewa. Damina biyu suka wuce ba yaɓe, indararo suka toshe, bangon gabas ya tsage har yaro na iya zura hannu. Ni ina aure wajen Kona, ba ni da ƙarfin gyara. Sabi'u yana can arewa wajen aiki, ya ce ya bar wa Yaya nashi kason. Yaya Illa ya gama aikin gwamnati a Yamai ya dawo gida, ya zuba abin da ya tara cikin bangon nan. Ba don shi ba, da yau awaki ke hawa bisa tudun da zauren yake. Na yi mashi godiya a lokacin, kuma ban janye godiyar ba. Ni kuwa ban ce komai ba game da nawa kason. A wajenmu mace ba ta tambayar rabonta cikin gidan uba. Tana barinsa hannun ɗan'uwanta namiji, shi kuma ya bar mata ƙofa buɗe, ran da duniya ta juya mata baya ta san inda za ta dosa. Haka na taso na gani, haka na yi.

Sai ya kawo wani saurayi daga Yamai, mai ladabi, mai ɗauke da tsofaffin hotuna na zamanin Nasara. Kalmar da ke bakinsu su biyu ita ce otantik, wai abin asali. Suka ce za a mai da gidan yadda yake ranar da Madugu ya gama gina shi, don baƙi da ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, su riƙa zuwa kallo. Na ɗauka yaɓe da zane ake nufi, na ce madalla. Da na zo bayan wasu watanni na shiga, sai na tsaya tsakar gida ina neman uwata, ban ga ko sawunta ba.

Duk abin da hannunta ya ƙara wa gidan an fid da shi. Ƙofofin tol, wato na kwanon rufi, da ta sa an cire, an sa kyauren katako mai nauyi. Shuɗin fentin da take so a bakin ɗakuna an kankare. Wayar wuta an zare, an jera fitilun a-ci-balbal cikin alkuki. Kwanukan sha masu fure da ta jera a bango tun tana ƙuruciya, aka ce kayan kanti ne, aka zuba su cikin buhu, aka je kasuwar Mayahi aka sayo ƙorai da akusan wasu mutane da ba mu san su ba, aka jera a wurin. Murhun laka mai tattalin itace, wanda ta gina da hannunta lokacin da matan ƙungiya suka koya, an fasa shi an mai da duwatsu uku. Da suka ga rufin madafa ya yi haske da yawa, don Inna ta sa an shafe shi da farar ƙasa, sai suka hura ɗanyen itace kwana da kwanaki har ya yi baƙi yadda suke so. Irin hayaƙin nan shi ya ci idon Inna. A ƙarshen rayuwarta da murya take gane jikokinta.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne dutsen niƙa. Ina yarinya lokacin da injin niƙa ya zo unguwarmu. Ranar Inna ta kira wasu samari biyu, ta sa suka ciccibi dutsen nan suka kai bayan gida wajen juji, suka kife shi. Ta tsaya bisa kansa ta ce, "Ka ci gwiwata, ka ci bayana, yau ka ci ƙasa." Mata suka yi ta dariya. Tun tana amarya take durƙusa mashi kafin a yi kiran asuba, ko tana da ciki ko tana jego. Gwiwoyinta sun yi kanta kamar na raƙumi. To wannan dutse su Yaya suka tono, suka wanke, suka shafa mashi mai, suka aza shi bisa tabarma a tsakiyar shigifa kamar baƙon girma. In masu kallo sun zo, akan kira ƴan matan maƙwabta su ɗaura zanen saƙi su durƙusa gabansa a ɗauki hoto. Ana ce masu su yi murmushi.

Nakan tambayi kaina abin da Inna za ta ce da ta ga wannan. Na san ba kuka za ta yi ba, ba halinta ba ne. Za ta zagaya gidan a hankali, ta taɓa ƙoran nan ɗaya ɗaya, ta tambayi na wace ce. Sannan ta tambayi Illa inda yake kwana. Don shi ba nan yake kwana ba. Yana da gidan siminti a sabuwar unguwa, da famfo tsakar gida, da abin sanyaya ɗaki. Matarsa da gas take girki, kuma ban ga laifinta ba. Zamanin da yake marmari, da rana yake zuwa wajensa, ya zauna zaure cikin babbar riga ya karɓi baƙi, la'asar sakaliya ya hau mota ya koma zamaninmu. Wadda ta zauna cikin zamanin nan dare da rana ta yi shekara hamsin tana fid da shi daga gidan da farcenta, kaɗan kaɗan, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na ɗan tunkiya. Shi kuwa cikin shekara biyu ya mai da shi.

Duk wannan na haɗiye, don ɗaki ɗaya ya tsira, ɗakin Inna da ke kusurwar yamma. Makullinsa na hannuna, ita ta ba ni da kanta.

Sai na faɗi tarihin ɗakin kafin a gane abin da ya biyo baya. Da can ba shi da taga. Cikinsa akwai gadon ƙasa irin na masu jego, wanda ake hura wuta ƙarƙashinsa mace ta kwanta bisa, a rufe ƙofa kada iska ta shige ta. Duk matar da ta haihu a gidan nan bisansa take kwanakin jegonta. Inna ta kwanta bisansa haihuwa bayan haihuwa. Wanda nake bi, namiji ne, bai kai ranar suna ba. An same shi ya yi shiru cikin ɗakin da hayaƙi ya cika, ita kuma barcin gajiya ya ɗauke ta har zafin gadon ya ƙone mata baya ba ta sani ba. Rai na Allah ne, kuma Inna ba ta taɓa ce mani gadon ne ya kashe shi ba. Abin da ta yi kawai, da ta ɗauki cikina kuma ya tsufa, ta ɗauki taɓarya ta shiga ɗakin ta fasa gadon, ta kwashe ƙasar da kwando. Ta kira magini ya huda bango ya fid da taga. Kakarmu, uwar mijinta, ta yi shekara ba ta amsa gaisuwarta. Daga baya Inna ta sa siminti a ƙasa, da magudanar ruwan wanka, da ragar sauro a tagar. Ƙarshe ma wani jikanta ya aza mata ɗan faifan hasken rana bisa rufi. A ɗakin nan aka yi jegona, a nan na yi na ƴaƴana duka, haka ƴaƴan dangi da yawa.

Bara ɗiyata Hadiza, wadda ke aure a garin Sarkin Hausa cikin ƙasar Mayahi, ta samu cikin fari. Kowa ya san ɗiya gidansu take komawa goyon ciki, ta haihu kusa da uwarta ta yi wanka. Ƙauyen da nake ba gidan likita kusa, sai an yi tafiyar amalanke. Saboda haka muka shirya zan kawo ta Tasawa mu zauna ɗakin Inna, yadda aka saba. Na zo in share ɗakin, sai Yaya Illa ya aiko a kira ni zaure.

Ya ce, "Rabi, ɗakin ga shi kaɗai ya rage. Duk baƙon da ya zo sai ya tsaya ga ƙohwar tol ɗin nan ya tambaye ni mi ya faru."

Na ce, "To Yaya, ka hwaɗa masu ɗakin uwarka ne."

"Uwarmu ce duka. Amma gidan ya girme ta. Ta same shi, ta bar shi. Ki ba ni makulli. Hadiza ta zo gidana, akwai ɗaki da fanka, kusa da likita ma ya hi nan."

Ban raina wannan tayi ba, kuma na faɗa mashi. Na tambaye shi abin da za a yi wa ɗakin. Ya ce za a toshe tagar, a fasa simintin a yi daɓe, a gina gadon ƙasa daidai inda yake da, don masu zuwa su ga yadda iyayenmu mata ke jego. Ya ga fuskata, sai ya yi dariya ya ce, "Haba autar Inna, ba wuta za a hura ba. Na kallo ne."

Na ce, "Yaya, ka taɓa ganin bayan Inna?"

Ya ce wace irin tambaya ce wannan.

Na ce, "Ni na gani. Ni na yi mata wanka ran da ta rasu. Tabon na nan daga kafaɗa har ƙugu. Shi ba a nuna wa kowa ba."

Na ɗauka maganar ta shige shi. Can ya ce abin da ya wuce ya wuce, tarihi ba na mutum ɗaya ba ne, kuma mata kullum da zuciya suke duba abu. Ya ce ya ba ni zuwa bayan girbi. In ban kawo makulli ba zai sa a ɓalle kwaɗon, don gidan na hannunsa.

Na koma gida na yi ta juya maganar. Hadiza za ta iya haihuwa ko'ina, na sani. Amma na san in makullin nan ya bar hannuna, jikokin Inna za su taso suna shiga wani ɗaki mai duhu, ana nuna masu gadon ƙasa ana ce masu ga inda kakarku ta zauna. Za a yi mata ƙarya a cikin ɗakinta, da bakin ɗanta. Maigidana ya ce, "Ki yi tunani, Rabi. Ɗan'uwa ba a kasuwa ake sayo shi ba." Na yi tunanin. Sannan na hau kabu-kabu na tafi wajen limamin unguwarmu, na durƙusa na ce ina so a raba gidan mahaifinmu a ba ni kasona.

Ban san maganar mace ɗaya na iya zagaya gari da sauri haka ba. Tsofaffin mata suka yi ta zuwa mani. Wata gwaggonmu ta ce na zubar da mutuncin gidan, ta ce uwata ba ta haifi mai kwaɗayi ba. Wasu suka ce mijina ke zuga ni. Matan da Inna ta yi wa wanka a ɗakin nan, wasunsu in mun haɗu a hanya sai su matse mani hannu, amma a gaban mutane ba wadda ta ce uffan. Ban ga laifinsu ba, su ma kowace na da wa. Liman ya kira ni har sau biyu ya tambaye ni ko na san abin da zai biyo baya. Na ce na sani. Ya ce to hakkina ne, ba mai hana ni.

Aka sa rana, dattawa suka zo da igiya suka auna gidan. Kashi biyar aka yi, bibbiyu na maza, ɗaya nawa. Na roƙa a ba ni nawa ta kusurwar yamma. Yaya Illa ya ce zai saya, in faɗi abin da nake so. Na ce ba na sayarwa ba ne. Dattawan suka yi shawara suka ba ni ɗakin da ɗan filin gabansa, aka ce in fid da ƙofa ta lungun baya. Da aka zo maganar shinge na ce zan sa tol. Yaya ya ce sam, shi zai sa zana da kuɗinsa, kada tol ya ɓata mashi kallon tsakar gida. Ko a ranar, abin da ke ransa ke nan. Da za a watse ya dube ni gaban mutane ya ce, "Rabi, yau kin samu ɗaki, kin rasa wa." Tun daga ranar bai sake yi mani magana ba. Na je gaisuwar Sallah gidansa, aka ce ba ya nan, alhali ga motarsa a ƙofa.

Hadiza ta haihu lafiya a gidan likita, ta samu namiji. Muka dawo da su ɗakin Inna. Na dafa mata ruwan wanka da ganye yadda aka koya mani, na dama mata kunun kanwa, don ban ce duk abin da aka gada a zubar ba. Ta kwanta bisa katifa cikin gidan sauro, iska na shigowa. Ran suna a lungu aka yanka rago, don zauren kakanmu yanzu ba namu ba ne. Mutanen mijinta suka zo daga Mayahi suka zauna bisa tabarmi a rariya, bakin hanya, wasu na tambayar ina kawun mai jego. Na aika wa Yaya Illa goro tun kwana biyu kafin nan. Lokacin da ake fatiha na ji tarinsa bayan zana, na san tarin yayana. Bai zagayo ba, ni ma ban kira shi ba.

Na ji an ce akwai wasu tsofaffin gidaje a ƙasar nan da ake shirin yi wa irin wannan gyara. Ban hana ba. A yaɓe bango, a ta da zanko, a mai da zane, abu ne mai kyau, ni ma in na bi ta gaban zaurenmu sai in ji daɗin ganinsa tsaye. Amma kafin a tono abin da aka samu kife bayan gida, a tambayi tsohuwar gidan wa ya kife shi, kuma don me. In ta rasu a tambayi ɗiyarta. Mu muka san abin da ke ƙarƙashin zanen iyayenmu.

Yanzu in an tambaye ni abin da ya rage na Inna Tsahara bayan shekara bakwai, ba shi da yawa. Kwanukanta na cikin buhu, ban san inda aka kai buhun ba. Masu kallo na shiga gidan da ta share shekara hamsin tana sharewa, su fita ba su ji sunanta ba, sai na Madugu wanda ba wanda ya taɓa ganinsa cikinmu. Akwai ɗaki ɗaya, da jariri cikinsa, da ƴaƴanta biyu da zana ta raba. Ban yi da-na-sani ba, kuma ban yafe ba tukuna, ko da yake ina roƙon Allah Ya sanyaya mani zuciya kafin ɗayanmu ya bi ta. Da tana nan, ina jin za ta ja kunnena saboda na kai yayana gaban dattawa, sannan ta ba ni makullin ta ce in riƙe da kyau. Shi ma da ya ƙi zagayo zanar nan, na san inda ya samo halin. Macen da ta yi shekara tana gaida uwar miji ba a amsa mata, ba ta kuma toshe tagarta ba, ita ta haife mu duka. Taurin kai ta bar mana, kuma shi kam ba a ba namiji biyu mace ɗaya ba, daidai aka raba mana. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta.